Sawun da Illa Ya Share

Ranar Juma'a ce, tsakiyar damina, aka fasa ɗakin likita na Tudun Aduwa, wani ƙauye da ke arewa da Takanamat. Maza na masallaci. Madam Salamatu, ma'aikaciyar jinya ɗaya tal da garin ke da ita, an ɗauke ta a amalanken jaki tun hantsi zuwa wata ruga inda haihuwa ta zo da gardama. Da ta dawo bayan an sauko daga salla, sai ta tarar an ɓalle kwaɗon ƙofa, an yar da shi a ƙasa.

Ba a taɓa magani ba. Firijin allurar rigakafi na nan yana gurnaninsa. Abu guda aka ɗauka: babban kaye, wato littafin rajista, mai baƙar fata, wanda aka rubuta sakamakon awon jinin mutanen gari a ciki.

Wata guda kafin nan wasu ma'aikata sun zo daga Tawa sun ɗebi jinin duk wanda ya yarda, don a gano masu ɗauke da emasi, ciwon nan na amosanin jini da ke kumbura wa yara hannu da ƙafa, ya sa su kwana suna ihu. Ranar Alhamis sakamakon ya iso. Ranar Litinin aka shirya kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa a faɗa masa nasa a asirce. Yanzu asirin mutum ɗari da goma sha huɗu yana hannun wanda ba a sani ba.

Kafin la'asar gari ya taru a bakin ɗakin.

"Wa ab bai zo masallaci ba?" wani ya tambaya.

"Buzun nan na bakin rijiya. Agali."

"Shi ne hwa. Shekaranjiya na ji shi shina ɗaga ma Madam murya."

Maigari Attahir ya daka tsawa aka ja baya, ya sa aka kewaye ƙofar da ƙaya, sannan ya ce a kira masa Illa.

Illa jikan Ɗangana ya kusa shekara sittin, kuma tun yana saurayi yake bin sawu. Daga Barmu har Tebaram, wanda aka kore wa raƙumi ko aka yashe wa rumbu, shi yake nema. Yakan dubi sawun yaro a bakin rijiya ya faɗi sunan ubansa, ko da bai taɓa ganin yaron ba. Ya zo da sandarsa, ya tsuguna, ya duba sawun da ke bakin ƙofa. An yi ruwa ranar Alhamis, ƙasa ta riƙe komai.

"Takalmin taya ne," ya ce. "Babba, na namiji."

"Kun ji ko! Irin na Agali!"

"Irin na rabin garin ga," in ji Illa. "Har da ni."

Akwai abin da bai faɗa ba, don bai gama fahimtarsa ba. Takalmin babba ne, amma takun gajere ne, kuma gaban takalmin ba ya nutsewa, sai ka ce ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Ya bi sawun ta bayan ɗakin, ya ratsa gonar hatsi, har zuwa fakon nan mai baƙin dutse da ke gabas da gari. Nan ƙasa ta daina magana. Da ya komo, ya tarar samari sun riga sun taso Agali sun zaunar da shi a zauren maigari, an ce ba zai fita ba sai an ga ƙarshen magana.

Illa ya soma da Madam Salamatu. Ƴar Maradi ce, shekararta uku a garin, tana zaune a kan benci da kwaɗon a hannunta.

"Kayen ga, in an sai da shi, kuɗi garai?"

"Ko dala ba zai yi ba, Baba. A Tawa akwai kwafinsa. Sirrin mutane nake ji. Na rantse musu ba wanda zai gani."

"To mi mutum ka nema ciki?"

"Ko ya ɓoye nasa, ko ya ga na wani."

"Ni ban gane ba. Mai ciwon ga ai kowa ya san shi. Mi ad da ɓoyo?"

"Ba masu ciwon ba ne abin, Baba, masu ɗauke da shi ne. Ranar da na yi wa mata bayani ba ka nan." Ta ɗebo ƙwayar wake da ta gyaɗa daga wata tasa ta zuba a benci. "Kowane mutum rabo biyu gare shi na jini, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ka ce wake lafiyayye ne, gyaɗa mai emasi. Wanda ya samu wake da gyaɗa, lafiyarsa lau, yana noma, yana tsufa, bai san yana ɗauke da komai ba. To in ya auri mace irinsa, kowane ciki aka yi, uba zai ba da ɗaya cikin nasa biyu, uwa ta ba da ɗaya. Ranar da gyaɗa ta gamu da gyaɗa, wannan yaron shi ne mai ciwo."

"In uwa ɗai ta ad da shi hwa?"

"Ba ya yiwuwa. Sai daga gefe biyu."

"Ko da mutum ya sake aure ya haihi ɗiya shida, duk lahiya lau?"

"Matar ta biyu ce ba ta ɗauke da shi. Shi yana nan yadda yake." Ta ɗaga kai ta dube shi. "Lafiya, Baba?"

"Lahiya lau," ya ce, ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi. Shi ma ya ba da jininsa ranar awon, yana dariya, don maigari ya ce dattawa su fara. Ya tambaye ta wa ya fi matsa mata a kan sakamakon. Ta ce mutum biyu: Agali, da Muktari tela, wanda aka sa ranar aurensa bayan girbi.

Muktari ma bai je masallaci ba. Illa ya same shi a shagonsa, keken ɗinki a rufe, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ina kake sanda anka yi salla?"

"Zazzaɓi nika yi, Baba Illa."

"Mai zazzaɓi bai tahiya bakin ɗakin likita ya kewaya sau ukku ya komo. Ga sawun silihwas ɗinka can, na hagu ya cinye ga dunduniya."

Muktari ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce ya je ne ya roƙi Madam ta faɗa masa nasa da na Sa'adiyya, wadda zai aura, kafin Litinin, don uban yarinyar ya ce in duka biyu suna ɗauke da shi an fasa. Kwana uku bai iya cin tuwo ba. Ya tarar da ƙofa a kulle, ya juyo.

"Kulle take?"

"Wallahi kulle. Ana kiran salla na farko ke nan."

Sawu ya gaskata shi: takalmin taya ya taka kan silifas, ba silifas ya taka kan taya ba. Ɓarawon ya zo bayan Muktari.

Agali na zaune a kusurwar zaure, ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido. Mutum ne dogo, makiyayi, da ya sauka bakin rijiya da iyalinsa tun farkon damina. Ya miƙa wa Illa takalmansa tun kafin a tambaye shi.

"Duba. Ɗiyata ƙarama hannunta na kumbura. Kwana biyu ina zuwa a faɗa mani mi ke damunta, ana ce mani Litinin. Shi ya sa na yi faɗa. In na sace takarda wa za ya karanta mani? Raƙumi?"

Takalmansa sun yi daidai da girman sawun. Amma takun Agali ya kusa ninka na ɓarawon, kuma shi gaban ƙafa yake dannawa. Illa ya faɗa wa maigari haka. Maigari ya ce mutane ba za su yarda da tsawon taku ba, suna son suna. In gobe bayan azahar ba a samu wani ba, zai kira jandarmomi su tafi da Agali, su suka san yadda za su yi.

Da asubar Asabar Illa ya koma fakon. Bai nemi sawu a kan dutse ba. Ya kewaye fakon gaba ɗaya, yana duba duk inda dutse ya ƙare ƙasa ta fara, har rana ta ɗaga. Can kudu, inda wata ƴar ƙorama ta gangara cikin sabara, ya ga wurin da mutum ya zauna. Ga shatin takalman nan biyu an ajiye su gefe. Daga nan kuma sai ƙafa tsirara, tana tafiya a kan yashi mai laima, ta nufi bayan gari ta yamma.

Ƙaramar ƙafa ce, ta mace, mai ɗan shekaru. Ta dama yatsu biyar. Ta hagu huɗu.

Illa ya sunkuya ya duba da kyau. Ba yanke yatsan aka yi ba. Ɗan ƙaramin ne yake hawa kan na kusa da shi, ba ya taɓa ƙasa. Ya zare takalminsa na hagu, ya dafa ƙafarsa a gefen sawun, ya ɗaga. Yatsu huɗu. Ƙafar kakansu Ɗangana ce. Cikin jikokinsa da suka rage a Tudun Aduwa, mutum biyu suka gaje ta: shi, da Kadidiya ɗiyar ƙanen ubansa, matarsa ta fari.

Ƴaƴa huɗu ta haifa masa. Sidi ya rasu yana da shekara huɗu, Amina biyu, Isufu ya kai bakwai kafin ya bi su, dukansu da kumburin nan da ihun nan. Zahara kaɗai ta tsira. Ranar da aka rufe Isufu, a gaban masu zaman makoki, Illa ya ce mugun jini gare ta, ita ke cinye masa ɗiya, ya sake ta. Ya sake aure, aka haifa masa shida ba mai ko ciwon kai, ya riƙa nuna su a matsayin shaida. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ba wanda ya sake neman Kadidiya. Ƙanwarta ma sai can wajen Abalak aka samu wanda bai ji labari ba ya aure ta.

Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa. Ya sa tafin ƙafarsa ya share sawun. Ya share na biyu, da na uku, ya karyo reshen sabara ya bi sauran yana gogewa har inda ciyawa ta fara. Sai da ya gama ya tsaya da reshen a hannu, yana haki. Shekara arba'in mutane na rantsuwa da bakinsa. Ya tambayi kansa wa ya rufa wa asiri, ita ko shi, amsar kuma ba ta yi masa daɗi ba.

Kadidiya na zaune a gidan yayanta marigayi, a ƙarshen gari. Ya yi sallama sau biyu kafin ta amsa. Tana tsintar yakuwa a faifai, ba ta ba shi tabarma ba. Takalman taya na mamacin suna jingine a gindin rumbu, laka ba ta gama bushewa a jikinsu ba.

"Na san kai za su turowa," ta ce. "Ka daɗe."

"Ina kayen, Kadi?"

"Cikin rumbu. Na naɗe shi da zane, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba."

"Don mi?"

Ta ajiye faifan. "Ran da Madam ta tara mata, ina can baya. Tac ce ciwon ga ba ya kama ɗa sai uwa da uba sun haɗu. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na komo gida ban iya ko shan ruwa ba. Na san ran Litinin za a kira ka ɗaki a hwaɗa maka, ka fito ka yi shiru, ka mutu da shi. Ni ko in mutu da sunan da ka sa mani."

"Wa ya karanta maki?"

"Ba kowa. Na yi niyyar kai ma malamin lakwal mai koya ma ɗiya boko, sai na tuna asirin gari duka na ciki. Na buɗe ni ɗaya." Ta ja yatsa a ƙasa. "Layi-layi ne, Illa, kamar kunyar gona. Na bi su da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ban san wane ne naka ba."

Bai iya duban ta ba. Ya ce, yana kallon ƙasa, ta ba shi kayen ya ajiye a bakin ɗakin likita, ya ce tsintarsa ya yi. Ya riga ya share sawun, ba mai sani.

"Ka share?" Ta yi wata gajerar dariya. "Buzun da ke zaure hwa? Shi ma ka sa mashi suna ka tahi gida ka ci tuwo?"

Bayan azahar zauren maigari ya cika, har waje. Agali na kusurwarsa. Muktari na kusa da ƙofa, uban Sa'adiyya na hararar sa. Madam Salamatu na kan kujera. Mata sun tsaya daga bayan danga. Maigari ya ɗora wayarsa a gwiwa.

"Illa, muna saurare."

"Ranka shi daɗe, Muktari ya je, amma ya iske ƙohwa kulle ya komo. Agali bai taka wurin ba tun Alhamis. Tun jiya na san haka, na bari ya kwan nan." Ya gyara riƙon sandarsa. "Yau da sahe na samu sawun. Na gane mai shi. Na sa ƙahwata na share."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya ce, "Kai, Illa? Kai?"

"Ni."

"Sawun wa?" in ji maigari.

Bai kai ga amsawa ba mata suka dare. Kadidiya ta shigo da ƙunshin zane a kanta, ta durƙusa, ta ajiye shi gaban Madam. Nan fa baki ya buɗe. Wani ya ce dama an san ta, wata daga bayan danga ta ce mai mugun jini ba ta rasa mugun hali. Illa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Sunan ga ni na sa mata shi, ga bakina kunka ji shi. Madam, ki buɗe ki karanta nawa."

"Baba, ba a yin haka a gaban mutane. Ka zo ɗaki."

"Gaban mutane na yi waccan maganar. Nawa ne, na yarda. Ki karanta."

Ta dubi maigari, ya gyaɗa kai. Ta warware zanen, ta juya shafi, ta kare sauran layukan da tafin hannunta. Ta sunkuyo ta faɗa masa a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. Ya rufe ido, ya buɗe.

"Tac ce ina ɗauke da shi," ya ce da ƙarfi, har na waje suka ji. "Sidi da Amina da Isufu, rabi daga gare ta, rabi daga gare ni. Ni da ita kakanmu guda. Ni da ke duban ƙahwar ɗa in hwaɗi ubanshi, ban taɓa tsayawa na tuna haka ba. Ko na tuna, na kau da kai."

Madam ta ce, "Ba laifin kowa ba ne, ku ji da kyau. Ba wanda ya zaɓi abin da zai ba ɗansa. Kuma cikin zauren nan ba su kaɗai ba ne."

Maza da yawa suka sunkuyar da kai, uban Sa'adiyya ya daina hararar Muktari. Maigari ya mai da wayarsa aljihu. Ya tambayi Madam ko tana son a kai magana gaba. Ta duba kayen shafi-shafi, ta ce ba abin da ya ɓace, a gyara mata ƙofa kawai, amma dole ta rubuta wa manyanta abin da ya faru. Maigari da kansa ya tashi ya ba Agali haƙuri. Agali ya sa takalmansa, ya wuce ta gaban Illa bai dube shi ba, ya tsaya gaban Madam ya ce shi ba zai jira Litinin ba. Ta ce ya biyo ta yanzu.

Mutane suka watse da sauri, kowa na gudun haɗa ido da wani. Illa ya cim ma Kadidiya a bakin danga tana ninke zanenta.

"Kadi, ki gahwarta mani."

"Ba yau ba."

Ya tsaya, hannuwansa biyu a kan sanda.

"Innata ta mutu tana zaton annoba ta haihwa," ta ce. "Ita ba ka iya iske ta. Amma Zahara na Tebaram, ɗiyanta sun kusa aure, kuma tun tana ƙarama take jin kunyar a ce ni na haihe ta. Ka tahi ka hwaɗa mata da bakinka. Ba waya ba, ba saƙo ba. Ka ce ta kai su a auna."

"Gobe in Allah ya so."

"Shekara ashirin da biyu ina kukansu ni ɗaya, kamar wadda ta kashe su." Ta yafa zanen a kafaɗa. "Ɗiyanka ne, Illa. Ka ɗauki rabinka."

Washegari akwai motar kasuwa mai zuwa Tebaram. Ya riga kowa isa bakin hanya, ya zauna can bayan mota tsakanin buhunan wake. Da suka iso, ya tambayi gidan mijin Zahara, don bai taɓa zuwa ba. Ita ta fito da kanta, hannunta duk gari, ta tsaya tana kallon sa.

"Baba? Lahiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa," ya ce. "Ba ni tabarma, ɗiyata. Maganar uwarki na zo da ita."